Karen Gona da Ƙwayarsa ta Safe

Shekarar da aka yanka gonar gadon su maigidana filaye-filaye aka sayar, abu biyu ya dawo da su gida a bayan a-kori-kura: doyar ƙarshe da aka haƙa, da kare. Gonar tana kan hanyar Tafa, kuma a can karen ya yi rayuwarsa yana korar birai da ɓarayin doya. Ba shi da suna. Na-gona muke ce masa. Ja ne, bakinsa ya fara furfura, kunnensa ɗaya a yage.

Gidanmu a unguwar Wambai gidan yawa ne. Babban gidan shi ne yayan maigidana, wanda kowa ke kira Yaya. Shi ya riƙi maigidana tun rasuwar mahaifinsu, sashensa ne a gaba, zauren ma nasa ne. Mutum ne mai tsoron Allah, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma in ya faɗi magana ta zauna. Ina bayan labule ina jinsu ranar da aka sauke karen.

Yaya ya ce, "Wannan fa?"

Maigida ya ce, "Yaya, ina zan kai shi? Waɗanda suka sayi filin sun ce ba sa so."

"Ka san hukuncin kamar yadda na sani. Kare a gida, in ba gadi yake yi ba, kullum ladan masu gidan raguwa yake. Ni kuwa ba ni da ladan da zan yi wasa da shi. In zai yi gadi, ya zauna nan tsakanin zaure da ƙofa. Ranar da ya daina, ya bar gidan."

Da haka Na-gona ya samu wurin zama, bisa sharaɗi.

Maigida a Abuja yake aiki. Ana sallame Asuba yake fita neman mota, ba ya dawowa sai an yi Isha. Don haka ciyar da karen ni ya faɗo wa, ni da ko inuwar kare ba na so ta taɓa zanena. Na ware masa wata tsohuwar tasa da ba ta sake shiga madafata ba. Na ɗaure wani ludayi a jikin sandar tsintsiya, da shi nake miƙa masa ƙanzo da sauran tuwo daga nesa. Abu biyu aka koya mana a Islamiyya, kuma duka biyun na riƙe: a yi nesa da yawun kare, sannan an taɓa gafarta wa wani bawa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ludayin nan shi ne dabarata ta zama tsakaninsu.

Kowace safiya da hantsi mairuwa ke turo kurarsa cikin lungunmu. Tayar kurar tana da wani ƙara mai shiga haƙori, kuma Na-gona ya tsani ƙarar nan tun ranar farko. Tun daga bakin lungu yake miƙewa, ya tsaya a ƙofa yana haushi har sai kurar ta wuce. Yaya kuwa lokacin yana zaure da rediyonsa. Sai ya rage murya, ya saurara, ya ce, "To, yana bakin aiki," ya mayar da muryar rediyon. Abin ya zama abin dariya a gidan. Mairuwa kan ce mini, "Hajiya, wannan tsohon ni kaɗai ne ɓarawon da ya sani a garin nan?" Amma ni na gane ba wasa ba ne gaba ɗaya. Haushin nan na hantsi shi ne shaidar da Yaya yake karɓa kullum.

A daminarsa ta biyu a gidan na fara lura da wani abu. Kafin Na-gona ya tashi sai ya yi shiru, kamar mai shawara da jikinsa. Ya kafa ƙafafun gaba, ya jira, sannan ya ja na baya suna rawa. Yana yawan lasar gwiwarsa har gashin wurin ya zube. In an kwana ana ruwa, siminti ya yi sanyi, sai kurar ta kusa wucewa kafin ya miƙe. Daga baya ya koma yin haushin a kwance. Da na gaya wa maigida, dariya ya yi.

"Ya zama ɗan birni ne. Ya ga kowa a garin nan a zaune yake cin abinci."

"Ba lalaci ba ne. Ka dubi idonsa in zai tashi."

"Ni yaushe nake ganinsa da rana, balle idonsa?"

Gaskiya ya faɗa, ban ja ba.

Gidan da ke kallon namu wata tsohuwar malamar firamare ce ke haya a ciki, 'yar Filato, Kirista, ta yi ritaya tana kiwon kaji a barandarta. Madam muke ce mata, ita kuma Hajiya take ce mini duk da ban taɓa zuwa Makka ba. Ita ta tsaya wata safiya da kwandon ƙwai a hannu tana kallon Na-gona.

"Hajiya, karen nan ciwo yake ji. Haka mamata take tashi kafin ta rasu. Mai duba mini kaji zai zo jibi, zan turo miki shi."

Likitan dabbobin matashi ne, a kan babur ya zo da jaka a baya. Ya tsuguna ya shafa bayan Na-gona, ya lanƙwasa ƙafar baya a hankali. Karen ya yi wani ƙara da ban taɓa jin ya yi ba, siriri, kamar na jariri. 

Likita ya ce, "Amosanin gaɓɓai ne, abin da kuke cewa sanyin ƙashi. Gaɓar ƙugunsa ta cinye. Ba ya warkewa, Hajiya. Sai dai a rage masa zafin har iya kwanansa."

Na ce akwai ƙwayoyin ciwon gwiwa a ɗaka, irin na kemis, ko in riƙa ɓallo masa rabi? Ya ɗaga hannu da sauri.

"Don Allah kada ki kuskura. Abin da ke sauke miki ciwon gwiwa, shi huda masa ciki zai yi. Nasu daban ne."

Ya ba ni wata farar ƙwaya ta karnuka, mai sauke kumburi da ciwo. Sau ɗaya a rana, kuma lallai a cikin abinci, ba a kan yunwa ba. Ya ce in rage masa ƙanzo don nauyi na ƙara wa gaɓar aiki, in riƙa zuba masa ɗan man kifi, in ɗauke shi daga kan siminti. Sannan ya rage murya ya ce maganin yana da kyau amma ba a sakin jiki da shi, domin in an daɗe ana sha yakan taɓa ciki da ƙoda, balle ga tsoho. Zai riƙa zuwa yana ɗibar jini lokaci-lokaci. In na ga amai, ko baƙin kashi, ko ƙin abinci, ko shan ruwa fiye da ƙima, in tsayar in kira shi.

Na cusa tsummoki a buhun shinkafa na ɗinke baki, ya zama katifarsa. Kullum in na idar da lazimin safe sai in ɗumama tuwo, in mulmula loma, in tura farar ƙwayar a tsakiya, in shafe da man kifi, in ɗora a ludayi. Ba a yi mako ba ya miƙe. Ranar da ya sake tsayawa da ƙafafunsa huɗu ya tare kurar mairuwa, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai da na ajiye rariya na ce Alhamdulillahi a fili. Daga zaure na ji, "To, yana bakin aiki." Tun daga nan na daidaita lokacin lomar da zuwan kurar, don maganin ya kama jikinsa kafin hantsi.

Mun ci moriyar farar ƙwayar nan fiye da shekara. Har ya koma bin inuwa yana canza wurin kwanciya, har yana kaɗa mini wutsiya in ya hango ludayi. Ni ma na saba. In na yi tafiya biki ko gaisuwa, ba yara nake fara tambaya ba in na dawo.

Da tasar ruwansa abin ya fara. Ina cika ta da safe, kafin Azahar ta bushe. Daga nan ya fara shinshina loma ya kau da kai, sai na yi ta lallashi. Haƙarƙarinsa suka fito. Wata safiya na tarar da amai a gefen buhun. Likita ya zo ya ɗebi jini, bayan kwana biyu ya dawo, bai ko kashe babur da wuri ba, kamar ba ya son saukowa.

"Ƙodarsa ta fara gajiya. Tsufa ma na kawo haka, amma farar ƙwayar nan ƙara mata nauyi take. Dole a tsayar."

"To sai me?"

Ya ce akwai wata allura da ake yi wata-wata, an ce tana da sauƙi ga ƙoda, amma sai a manyan asibitocin dabbobi na Abuja, ba kullum ake samunta ba, kuma da ya faɗi abin da take ci ban ma bari ya ƙarasa ba. Sai kuma wani kafso mai kwantar da zafi ta hanyar jijiya. Shi zai iya sha a ɗan ƙaramin awo. Ba zai sauke kumburin ba, zai dai dusashe ciwon, kuma yana sa barci da kasala.

Na ce, "Da kafson, zai tashi ya yi haushi?"

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Hajiya, haushi kike nema ko sauƙi?"

Sai na ba shi labarin sharaɗin Yaya. Ya daɗe yana wasa da makullin babur.

"Gaskiya zan gaya miki. In kin ci gaba da farar, zai riƙa tashi na ɗan lokaci. Amma ƙodar za ta tsaya, kuma wannan tafiyar ba ta da daɗin gani. In kafson ne, zai samu barci, zai ɗan ƙara kwana. Tashi kam, da wuya. Ni dai ba zan sake kawo miki farar ba."

Sai dai akwai saura a gwangwanin da nake ajiye ta, mai ɗan yawa.

Ranar Asabar maigida na gida, na zayyana masa komai yana karyawa. Ya ajiye cokali.

"Ki ci gaba da farar, ko rabi-rabi. In ya mutu, ya mutu a gidansa."

"Da hannuna zan riƙa ba shi abin da ke cinye shi?"

"To wa zai karɓi tsohon kare gurgu? Kin san su waye kaɗai." Na sani. Masu zagayawa da kejin ƙarfe a bayan babur, suna karɓar karnuka, kuma ba gadi suke kai su ba. "Ni ba zan iya tsayawa gaban Yaya in ce ya janye maganarsa ba. Tun ina yaro ban taɓa ba."

Ban ga laifinsa ba. Maganarsa tana da nata tausayin.

Washegari na mulmula loma, na ɗauko gwangwani biyu na ajiye a gabana. Na-gona yana kan buhunsa, ya ɗago kai yana kallon ludayin, wutsiyarsa na ɗan motsi. Duk abin da na ɗora a kai zai haɗiye, bai taɓa tambaya ba. Abin da ya tsaya mini ke nan. Na ga in na ba shi farar, don kunnen Yaya na ba shi, ba don jikinsa ba, kuma ranar da za a tambaye ni a kan dabbar da aka damƙa mini, ban san da bakin da zan faɗi haka ba. Na yi bisimilla na tura kafson cikin lomar.

Ya yi barci ranar kamar wanda aka sauke wa kaya. Numfashinsa ya daidaita, ya daina lasar gwiwa. Aman ya tsaya, ya koma cin ɗan abinci. Da kurar mairuwa ta shigo lungu, ya buɗe ido ɗaya, ya bi ta da kallo, ya rufe. A zaure na ji an rage muryar rediyo. Aka daɗe ba a mayar ba.

Yaya ya yi haƙuri kwanaki, ban san ko yana fatan abin ya canza ba. Sannan wata safiya ya yi gyaran murya a bakin sashenmu.

"Amarya." Haka yake kirana har yau, ga 'yata ta fari ta gama sakandare.

Na sa hijabi na fito na durƙusa. "Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Na daina jin mutuminki."

Na gaya masa gaskiya duka, da farar ƙwaya, da ƙoda, da kafson da na zaɓa. Ya saurara kansa a ƙasa, yana jan carbi.

"Allah Ya ba ki ladan tausayi. Ba ƙinsa nake ba, Amarya. Doyar da ya tsare na ci. Amma magana na yi, kuma ba tawa ba ce, hukunci ne. In na bar shi yau don tausayi, me zan ce gobe?"

"Yaya, ko zuwa ƙarshen damina."

"Ban ce a ba masu keji ba. A nema masa wuri. Amma kada ya ƙara kwana cikin gidan nan."

Madam ce ta karɓe shi. Ban ma gama bayani ba ta ce, "Kawo shi, Hajiya. Kajina sun yi ta surutu, su samu wanda zai saurare su." Na roƙi mairuwa ya ɗora mana shi a kura ya tsallaka da shi. Ya sosa ƙeya.

"Hajiya, ki yi mini rai. In aka ga kare a kurata, wa zai ƙara sayen ruwana?"

Shi ma gaskiyarsa. Ni da Madam muka kama bakin buhun, ita gefe ni gefe, muka ja shi a hankali muka tsallaka lungu. Bai yi nauyi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Muka kwantar da shi a barandarta kusa da kejin kaji, na ba ta gwangwanin kafso da kwalbar man kifi.

Da gari ya waye maigida zai fita, sai ya dawo da baya ya kira ni. Na-gona yana kwance a ƙofar gidanmu ta waje, ya jingina da bango. Ya ja jikinsa ya tsallako lungun, cikinsa duk ruwan kwata. Muka mayar da shi. Washegari ya dawo. Madam ta ɗaure shi da tsumma, ya yi ta kuka har ta kwance shi da kanta, ta zo tana share ido da gefen zane.

"Ba zan iya ba, Hajiya. Ya san wurin aikinsa."

Yaya ya dawo daga masallaci ya same mu a tsaye a kan karen a ƙofar gida. Ya dube shi, ya dubi dokin ƙofa. Ya ce, "Nan waje hanya ce. Ba gidana ba ne." Ya raɓa ya shige.

Haka Na-gona ya koma zama a waje, bango ɗaya tsakaninsa da inda yake kwana da. Na mayar masa da buhunsa. Madam ta samo wani tsohon kwanon rufi muka jingina da bango ya zama ɗan rumfa, amma ruwan Agusta ba ya tambayar rumfa, ta gefe yake shigowa. Kullum da safe sai in sa hijabi in fito da ludayina, masu wucewa na kallo, wasu na dariya, wata ma ta ce mini, "Malama, ke da karatunki?" Na ce mata eh, ni da karatuna. In buhun ya jiƙe in canza masa wani, in shanya wancan. Sanyi shi ne babban abokin gabar ciwonsa, likita ya faɗa tun farko, ga shi kuma ni na kai shi cikinsa. In ana ruwa da yamma ina ɗaka, ba na iya cin abinci.

Yaya ya daina zama a zaure da hantsi. Ya koma da rediyonsa ɗaki. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Bai kai ƙarshen daminar ba. Wata safiya ya karɓi lomarsa, ya riƙe ta a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Na koma ciki na ɗora ruwan zafi. Da na ji ƙarar kura na leƙo, don na saba ganin idon nan ɗaya ya buɗe. Kurar ta zo ta wuce ta gabansa. Mairuwa ya tsaya da kansa, ya waiwaya, ya ce, "Hajiya." Na tsuguna na ɗora tafina a bayansa. Ranar ce kaɗai na taɓa shi da hannuna. Gashinsa ya fi yadda nake zato laushi, kuma da sauran ɗumi.

Maigida ya so ya binne shi a gona, sai ya tuna gidaje ne a wurin yanzu. Can wani daji bayan Diko ya kai shi. Sauran farar ƙwayar na mayar wa likita. Ya ce mini na yi daidai, karen ya tafi cikin barci, ba amai, ba kuka. Maigida bai ce na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba. Ni dai na san da na bi shawararsa, da Na-gona ya mutu da wuri, da wahala, amma a cikin gida, a busasshen wuri, yana jin ana cewa yana bakin aiki. Na zaɓa masa sauƙin jiki, ya biya da wurin kwanansa. Na sha kai maganar nan gaban Allah a sujada, har yau ban ji ta sauka daga ƙirjina ba.

Bayan kwana biyu Yaya ya dawo zaure da rediyonsa. Ludayin yana nan a bayan madafa, na kasa jefarwa. Mairuwa bai taɓa sa wa tayar nan mai ba, kuma in ya shigo lungu da hantsi, ina ji daga tsakar gida Yaya yana rage muryar rediyo. Sai kurar ta yi nisa yake mayarwa.